Kama da wane ba ta wane: ƙarin hanta mai shigar ciwon kansa

Idan aka yi wa mutum hoton ciki a Jos aka ce an ga ƙari a hantarsa, hankalin kowa wuri ɗaya yake tafiya, daga likita har ɗan rakiya: kansa, wato ciwon daji. Kuma ba a ga laifinsu ba. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa kansar hanta a wannan yanki namu. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa daga hunhunar masara da gyaɗa idan an adana su da danshi. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara marasa lafiya daga ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya gano cewa in aka cire Masar, rabin masu kansar hanta ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ta, kuma matsakaicin shekarunsu 46 ne. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu ciwon ciki ya ga wannan da idonsa: magidanci da ƙarfinsa, ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, kafin a ankara ana zaman makoki.

Duk da haka akwai 'yan tsiraru da wannan hukunci ke faɗa wa bisa kuskure, kuma su ne suka dame ni. Hanta tana fitar da ƙari iri-iri da ba kansa ba. Mafi yawa shi ne hemanjiyoma, dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da mutane da dama ke yawo da shi har su tsufa ba su sani ba. Sai wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FNH, ƙwayoyin hanta ne lafiyayyu da suka taru a kewayen wata jijiya da ta fito a karkace. Sai adinoma, da aka fi gani ga mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa shekara da shekaru, da samari masu allurar ƙara ƙwanji. Waɗannan ukun sanannu ne, likitan hoto mai gogewa yakan gane yawancinsu. Wanda ya fi su wuyar sha'ani shi ne anjiyomayolifoma.

Abu uku ne suka haɗu suka yi shi: jijiyoyin jini masu kaurin bango, ƙwayoyin tsoka, da kitse. A ƙoda aka fi saninsa. A hanta kuwa sai a 1976 Kamal Ishak, masanin cututtukan hanta a cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka a Washinton, ya fara bayyana shi, kuma har yau waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya ɗaruruwa ne kawai. Wani nazari na 2017 da ya tattara mutum 292 ya nuna kusan uku cikin huɗu mata ne, kuma hoto bai iya faɗin sunan ƙarin daidai ba sai ga ƙasa da ɗaya cikin uku. Sauran an ɗauke su da wani ciwo dabam, galibi kansar hanta. Wannan fa a asibitocin da ke da kayan aiki ne fiye da namu nesa ba kusa ba.

Kafin a fahimci inda ruɗanin yake, sai an san yadda ake gane kansar hanta tun farko, domin ta bambanta da sauran kansa. A kansar mama ko ta hanji, ba a yanke hukunci sai an ɗebi nama an duba. A hanta kuwa, tun wani taron ƙwararru na Turai a Basalona da aka wallafa sakamakonsa a 2001, an yarda hoto kaɗai zai iya wadatarwa a wasu halaye. Dalilin yana cikin yadda jini ke shiga hanta. Hanyoyi biyu gare ta. Kusan kashi 75 cikin 100 na jininta yana zuwa ne ta babbar jijiyar da ke tahowa daga hanji da saifa, sauran kashi 25 ta jijiyar da ke tahowa kai tsaye daga ɓangaren zuciya. Lafiyayyar hanta ta fi dogara da ta hanji. Kansar hanta kuwa, yayin da take girma, takan rabu da jijiyar hanji ta koma shan jini kusan gaba ɗaya daga ta zuciya.

A ɗakin hoton CT, marar lafiya yana kwance, hannuwa sama da kai, an sa masa allura a gwiwar hannu. Na'ura ta tura wani ruwan rini cikin jijiya, sai ya ji ɗumi ya ratsa shi daga maƙogwaro har mara, wani ma ya zaci fitsari ya kufce masa. Ana ce masa ya riƙe numfashi, a ɗauki hoto bayan kamar daƙiƙa 35, a sake bayan kamar daƙiƙa 70, a sake bayan minti 3 zuwa 5. Rinin da ya bi jijiyar zuciya shi ke fara isa hanta, wanda ya zaga ta hanji ya iso daga baya, kamar motoci biyu da suka bar Taminus tare za su Lamingo, ɗaya ta miƙe, ɗaya ta zaga ta Bukuru. Saboda haka a hoton farko kansa takan haska fiye da hantar da ke kewaye da ita, a hotunan baya kuma, lokacin da sauran hanta ta cika da rini, ita ta dushe ta yi duhu. Haskawa da wuri, dushewa daga baya: wannan shi ne tambarin da likitoci ke nema. A 2011 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara shi cikin ma'auni mai suna LI-RADS, inda ƙarin da ya kai matakin LR-5 ake ɗaukarsa kansa ba tare da an taɓa nama ba.

To amma wannan ƙa'ida tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake yawan mantawa. Ba a gina ta don kowa ba. An gina ta ne don hantar da ta riga ta lalace, wadda tabo ya mamaye ta ta ƙandare, ko ta mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki, ko wanda ya taɓa yin kansar hanta a baya. A irin wannan hanta, duk sabon ƙari mai wannan tambari kusan tabbas kansa ne. A lafiyayyar hanta lissafin ya sauya, domin masu kwaikwayon tambarin sun yi yawa. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta 2018 ta ce idan hanta ba ta ƙandare ba, dole a tabbatar da kansa ta hanyar duba nama.

Anjiyomayolifoma shi ne gwanin masu kwaikwayon. Cike yake da jijiyoyi masu shan jini daga ta zuciya, don haka yakan haska da wuri. Jinin ba ya daɗewa a cikinsa, don haka sau da yawa yakan dushe daga baya. Abin da ya kamata ya tona asirinsa shi ne kitse, wanda CT da MRI suke gani sarai, sai dai yawan kitsen ba ya da tabbas: a wani ƙarin ya haura kashi 90 cikin 100, a wani bai kai kashi 10 ba. Mai ƙarancin kitsen shi ne masifar likitan hoto. Kuma ko an ga ɗan kitse magana ba ta ƙare ba, tunda ita ma kansar hanta takan tara kitse, musamman tana ƙarama. Akwai 'yan alamu da ke taimakawa. A anjiyomayolifoma, wani lokaci akan ga jijiyar da ke kwashe jini daga ƙarin ta haska tun a hoton farko, tana nufar manyan jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta. Akan ga jijiyoyi masu kauri sun ratsa tsakiyarsa. Yawanci kuma ba shi da ɓawon da ke zagaye kansa. Amma waɗannan sai wanda ya sa ciwon a ransa ya neme su da gangan, a hoton da aka ɗauka daidai da lokutan nan. Hoton CT da aka ɗauka sau ɗaya tak bayan rini, don a rage kuɗi ko don sauri, ba ya iya amsa wannan tambaya ko kaɗan. Balle sikanin na yau da kullum, wanda aikinsa ya ce ga ƙari nan, ga girmansa, ga inda yake. Sunan ƙarin ba hurumin sikanin ba ne.

A ganina, kafin a ƙura wa ƙarin ido, mai ƙarin ya kamata a fara duba. Mu ɗauki misalin mace mai shekara 45 daga Anguwar Rogo, da ta je sikanin saboda nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, aka ga ƙari mai faɗin santimita 7. Tana cin abincinta, ba ta rame ba, idonta fari tas, cikinta ba ruwa. Gwajin ciwon hanta nau'in B da na C duk sun fito babu. Sauran hantar sumul take, saifa ba ta kumbura ba. An auna AFP, wato sinadarin da jariri ke da shi da yawa a ciki wanda kansar hanta kan dawo da shi cikin jinin babba, an same shi daidai. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai. AFP ma kansa yakan fito daidai ga kusan uku ko huɗu cikin kowane goma na masu kansar hanta ta gaske, yakan kuma hau saboda juna biyu ko kumburin hanta. Amma idan suka taru a jikin mutum ɗaya, likita mai hankali zai dakata. Kansar hanta ta fi kama maza, ta fi zama a hantar da ta sha wuya, kuma a nan wurinmu mai ƙari mai wannan girma yawanci jikinsa ya riga ya nuna. Wannan baiwar Allah ba ta yi kama da su ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne idan gwajin nau'in B ɗinta ya fito akwai. A ƙasar da mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da ƙwayar, babu abin da zai hana mai anjiyomayolifoma ta kasance cikin takwas ɗin, ba tare da ɗaya ya haddasa ɗayan ba. Nan take ta faɗa cikin rukunin da ma'aunin Amurka ya yarda a yanke musu hukunci da hoto. Kuma likitan da ya karkata ga kansa yana da hujja mai ƙarfi, domin ƙwayar nau'in B tana cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hanta, tana iya haifar da kansa tun kafin hanta ta ƙandare, abin da ya sa muke rasa samari 'yan shekara 30. Likitocin Chana, inda nau'in B ya yawaita kuma aka fi rubuta labarin wannan ƙari, sun sha cire shi da sunan kansa sai bayan tiyata gaskiya ta fito. Babu wata dabara da ke warware wannan ƙulli baki ɗaya. Abin da na tsaya a kai shi ne: mace mai nau'in B, hantarta sumul, AFP daidai, jikinta lafiya, ta cancanci a duba namanta kafin a ɗora ta a kan maganin kansa.

A nan ake cin karo da gida. Da zarar likita ya ambaci ɗibar nama da allura, sai ka ji uwa ta ce wa ɗanta, "Ɗan nan, daji ba ya son ƙarfe. Kada ka bari su taɓa ni." Shi kuma ya rasa ta cewa sai, "Inna, ki yi haƙuri, bari mu ji ta bakin Yaya." Ba na raina wannan tsoro, domin yana da ɗan tushe. Allura tana iya jan ƙwayoyin kansa su tsiro a hanyar da ta bi, kuma nazarin da aka tattara ya sa hakan a kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100. Akwai kuma haɗarin zubar jini, shi ya sa ake auna daskarewar jini kafin a fara. Sai dai a ɗora wannan a ma'auni ɗaya da abin da ke ɗaya gefen: a shafe watanni ana shan magani mai tsada irin sorafenib, mai sa gudawa da saɓar tafin hannu da na ƙafa da hawan jini, a kan ciwon da babu shi, ko a sayar da gona a tafi Indiya ko Masar, ko a ce "a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a" alhali abin da ke cikinta wuƙar likita za ta iya raba ta da shi. Ga kuma jiƙe-jiƙen masu lasifika a bakin kasuwa, waɗanda wasunsu ke ƙona hantar da take lafiya lau.

Aikin ɗibar naman bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Marar lafiya ta kwanta rigingine, hannun dama a ƙarƙashin kai. A kashe zafin wurin tsakanin haƙarƙari, likita yana kallon allon sikanin yana bin allurar da ido, kuma yakan so ta ratsa ɗan lafiyayyen naman hanta kafin ta shiga ƙarin, don naman ya toshe hanyar jini. Ta riƙe numfashi, a ji ƙas, an gama. Abin da ya fito ɗan siririn nama ne da bai fi santimita 2 ba. Ta kwanta a kan gefen dama na 'yan sa'o'i ana duba hawan jininta.

Ko a gaban madubin likita ma wannan ƙari bai daina yaudara ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. A nau'insa mai ƙarancin kitse, ƙwayoyin tsokar sukan yi ɓul-ɓul, su jeru layi-layi tamkar ƙwayoyin kansar hanta, har ƙwararre ya iya ruɗewa idan rinin yau da kullum kaɗai ya yi amfani da shi. Abin da ke raba gardama wasu rinuka ne na musamman masu kama sinadari ɗaya tak. Ƙwayoyin anjiyomayolifoma suna ɗauke da sinadaran da aka saba gani a ƙwayoyin da ke ba fata launi, don haka idan aka zuba musu rinin HMB-45 ko Melan-A sai su rine su yi ruwan ƙasa. Ƙwayoyin kansar hanta ba sa kama waɗannan, su nasu HepPar-1 ne da arginase-1. Sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke ajiye waɗannan rinuka ba, kuma ba wanda zai nemi HMB-45 a naman hanta sai wanda tunanin ciwon ya zo masa. Shi ya sa takardar da ke raka naman take da muhimmanci. Idan likitan da ya aiko ya rubuta cewa mace ce, hantarta lafiya, AFP daidai, ya ba mai duba naman dalilin ya faɗaɗa bincike. Idan kuwa "ƙari a hanta, ana zargin kansa" kawai ya rubuta, ya riga ya nuna masa hanya ɗaya. Naman kuma ba ya lalacewa: ana daskarar da shi cikin kaki, ɗan dunƙule da zai shiga aljihu, ana iya neman a aika shi wani ɗakin gwaji a Abuja ko Legas a sake yanka a rina, ba sai an sake soka wa marar lafiya allura ba.

A ƙasa irin tamu jerin masu shigar kansa bai tsaya nan ba. Tarin fuka yakan yi dunƙule a hanta ba tare da tari ko ɗaya ba, kuma maganinsa na aƙalla wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Marurun hanta da ƙwayar amiba ke haddasawa, kafin ya nuna ya zama mugunya, yakan yi kama da ƙari mai tauri, kuma Flagyl na kashe ƙwayar. Akwai kumburi zalla da ke dunƙulewa ya yi siffar ƙari, wani lokaci ya baje da kansa. Masu kiwo da ke zaune da karnuka kuma sukan kamu da jakar ruwa ta tsutsar kare, wadda ita kam ba a soka mata allura da garaje, don ruwanta na iya jefa mutum cikin mummunan hali nan take.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina raba albishir ne. Kuskuren yana da fuska biyu. Akwai nau'in kansar hanta da ke kama matasa masu lafiyayyar hanta, AFP ɗinsu daidai, a hoto kuma tana da tabo a tsakiya irin na FNH. Wanda aka ce wa "ba komai, je ka gida" a kanta an cuce shi. Ƙari a lafiyayyar hanta kuma sau da yawa kansa ce da ta taso daga hanji ko mama ko tumbi ta sauka a can. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, inda ake kawo marasa lafiya daga Bauchi da Nasarawa da kudancin Kaduna, ko a kowane babban asibiti a arewa, mafi yawan waɗanda aka ce suna da kansar hanta suna da ita ɗin. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne: ɗan rakiya ya iya tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, me ya tabbatar mana? Sauran hantar lafiya take ko ta ƙandare? An yi hoto mai rini na lokuta uku? Akwai buƙatar a duba nama?" Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. A kuma riƙe ainihin faifan hoton, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin likita na biyu hoton yake son gani da idonsa. Dabi'ar nan tamu ta ɓoye wa marar lafiya abin da aka faɗa, duk da cewa tausayi ne ke kawo ta, takan hana ta ba da bayanin da zai iya sauya tunanin likita, kamar shekarun da ta yi tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko wani ƙari da aka taɓa gani a ƙodarta.

Idan aka tabbatar anjiyomayolifoma ne, sai a zauna a yi shawara. Wanda bai kai santimita 5 ba, ba ya damun mai shi, kuma nama ya nuna ba shi da alamun tsiya, ana iya barinsa a riƙa bibiya da hoto. Wanda yake ciwo, ko yake girma, ko ya kasance nau'in nan mai ƙarancin kitse, ko aka kasa samun tabbaci a kansa, cire shi ya fi, domin a nazarin 2017 ɗin nan kusan 4 cikin 100 sun nuna halin kansa, ta hanyar dawowa ko bazuwa. Tiyatar ta fi sauƙi a kansu fiye da masu ƙandararriyar hanta, tunda lafiyayyar hanta tana jure a yanke mata har kusan kashi 70 cikin 100 ta sake tofowa. Akan duba ƙoda da fata, saboda kaɗan daga cikin masu wannan ƙari suna da wata cutar gado da ke fitar da irinsa a ƙoda, da ƙuraje a fuska, wani lokaci da farfaɗiya. Su akwai maganin sirolimus da ke rage girman ƙarin. Wadda kuma aka samu tana da nau'in B, cire ƙarin bai sallame ta daga asibiti ba. Za ta ci gaba da sikanin da gwajin AFP duk wata 6, a duba ko tana buƙatar maganin tenofovir, a kuma gwada mijinta da 'ya'yanta, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi.